Yadda ake tayar da layi a yashe kwata, kuma a sa hukuma ta yi nata

Duk unguwar da kwata ta toshe, kowa ya san ta toshe. Ba sai an kira taro an faɗa wa mutane abin da suke tsallakewa safe da yamma ba. Abin da yake hana su motsi tambayoyi ne da ba wanda ya amsa musu: wa zai fara, nawa za a kashe, hannun wa kuɗin zai shiga, sannan za a gama ne ko za a bar musu tarin taɓo a ƙofar gida. Ni ne nake riƙe da littafin kuɗin layinmu, kuma na sha ganin mutanen da ake wa kallon marasa kishi sun fito da sheburinsu da zarar sun ji amsa mai kama hankali.

Shawarar farko ba kowa zai so ta ba. Kada ku fara da kafa ƙungiya. Da an ce a zaɓi shugaba da mataimaki da sakatare da jami'in hulɗa da jama'a, zama uku zai ƙare a kan wa ya fi daɗewa a unguwa da wa aka raina, kwata kuwa tana nan tana wari. Ku ɗauki aiki ɗaya, a layi ɗaya, wanda za a iya gamawa cikin yini ɗaya ko biyu. Muƙamai su jira.

Wannan dabara ta girme ni. A 1980 wani masani ɗan Pakistan, Akhtar Hameed Khan, ya fara aiki a Orangi, wata katafariyar unguwar talakawa a Karachi da ba ta da magudanan ƙazanta. Bai yi ƙoƙarin tara unguwar gaba ɗaya ba. Layi-layi ya bi, gidaje kamar 20 zuwa 40 waɗanda suka san juna, kowane layi ya fitar da mutumin da zai tattara kuɗi ya tsaya a kan aiki. Ƙungiyarsa ba ta raba kuɗi ba, awo ta bayar, da zane, da ƙiyasi, da aron kayan aiki. Mazauna suka biya, suka haƙa, suka shimfiɗa bututu a kan kuɗin da bai kama ƙafar na 'yan kwangila ba. Layin da ya gama, sai na kusa da shi ya gani ya ce shi ma yana so, har dubban layuka suka samu magudana. Abin da ya fi mini amfani a tsarinsu shi ne yadda suka raba aikin gida biyu. Na cikin layi na mazauna ne. Babban bututun da zai kwashe ruwan layuka duka, da wurin tace shi, na gwamnati ne. Ku riƙe wannan rabo, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya hau.

Ku bi ruwan da ƙafa

Kafin ku buga ƙofar kowa, ku samu mutum biyu ko uku ku fita bayan an ɗauke ruwan sama. Ku bi kwatar daga inda ta faro har inda ta zuba. Wurin da ruwa yake taruwa ba lallai nan ne toshewar ba, sau da yawa tana can gaba a gangare, ƙarƙashin kwalbatin da ba wanda ya taɓa leƙawa. Ku zura sanda ku ji zurfin laka. Ku duba abin da ya cika ta: yashi ne da ruwa ya kwaso, ledoji da robobi ne, ko ɓaraguzan ginin da wani ya zuba. Ku lura da inda aka ɗora siminti a kan kwatar domin mota ta shiga gida, ba a bar murfin da za a ɗaga ba. Wannan shi ne zai fi ba ku ciwon kai, kuma gara ku san da shi tun yanzu.

Ku zana abin da kuka gani a takarda. Ba sai kun iya zane ba, layi biyu da akwatuna a matsayin gidaje sun isa, a sa alama a kowane wurin matsala, a ɗauki hotonsa. Mutanen Estoniya, wata ƙasa a Turai, da suka share ƙasarsu ranar 3 ga Mayu 2008, mutum kusan 50,000 a yini guda, sai da suka fara bin juji-juji suna sa shi a taswira kafin su kira kowa, shi ya sa kowace tawaga ta san inda za ta. Takardar nan taku ita za ta nuna muku iyakar abin da shebur zai iya, da inda sai an kawo injin hukuma.

Idan akwai magini ko mai aikin famfo a layin, da shi za ku yi wannan zagaye. Idonsa yana ganin abin da naku ba ya gani, kuma wanda aka nemi shawararsa tun farko ba ya zama ɗan adawa daga baya.

Ƙofa-ƙofa

Saƙo a zauren WhatsApp ba gayyata ba ce. Mutum 30 za su ɗaga babban yatsa, 4 su fito. Ku je da kanku, biyu-biyu, da takardar zanen a hannu. Kada ku shiga da wa'azin tsafta, ba wanda yake son a zo ƙofarsa a nuna masa shi ƙazami ne. Tambaya za ku fara yi: ruwan yana shigo muku? Ta ina? Tun yaushe? Sai ku yi shiru ku saurara. A nan za ku ji labarin karon da aka taɓa yi shekarun baya kuɗi suka ɓace, da sunan wanda ake zargi, da dalilin da ya sa gida kaza ba ya magana da gida kaza. Ba gulma kuka je ji ba, amma wanda bai san waɗannan ba zai taka su a ranar taro.

Mutanen da aka fi mantawa da su su ne waɗanda suka fi sanin kwatar. Wanda yake wuni a gida ya san lokacin da ruwa yake tasowa da inda yake fara shiga. Matan layin, idan ba a tambaye su ba, an yi asarar rabin bayanin, kuma yawanci su ne za su tabbatar an daina zuba shara bayan an gama. 'Yan haya kuma kada a tsallake su da cewa ba gidansu ba ne, ai katifarsu ce take jiƙewa. Masu shago suna da baro da buhuna da ido a kan titi dukan yini. Matasa kuwa kada ku tuna da su sai ranar ɗaukar shebur. Ku ba su hoto, da rubuta sunaye, da kujera a wurin yanke shawara, in ba haka ba za su yi aikin sau ɗaya ba za ku sake ganinsu ba, kuma da gaskiyarsu.

Kafin ku bar kowace ƙofa ku nemi abu ɗaya ƙarami: zai zo taro ranar kaza, ko zai ara shebur. Ku rubuta a gabansa.

Taron kansa kada ya wuce awa ɗaya, kuma a yi shi a wurin da ba na kowa ba, bakin kwatar ma ya fi. Abu uku za a yanke: ranar aiki, abin da kowace ƙofa za ta bayar, da waɗanda za su riƙe kuɗi su kai takarda. Dole wani ya miƙe ya kawo maganar fitilun titi, wani ya kawo ta ɓarayi. Kada ku katse su da faɗa. Ku ce an rubuta, ku rubuta ɗin da gaske, a koma kan kwata.

Kuɗi

Nan zan daɗe, domin aikin unguwa ba kasafai gajiya take kashe shi ba, zargi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar kullum ta wajen kuɗi take.

Ku yi ƙiyasi kafin ku ambaci ko nawa: hayar motar kwashe laka, safar hannu, buhuna, murfin kwalbati idan akwai wanda ya karye. Ku tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya, ku raba jimillar da yawan ƙofofi, ku ƙara ɗan abin ko-ta-kwana, ku faɗa wa mutane cewa kun ƙara da kuma dalili. Wanda aka ce masa "kawo abin da ya sauwaƙa" yakan ɗauka ba a san abin da ake yi ba. Wanda aka nuna wa lissafi, ko ya yi gunaguni zai biya.

Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma kada su fito daga gida ɗaya. Ni littafi nake riƙewa, kuɗi ba ya kwana a hannuna. Kowane shafi yana da gida huɗu: kwanan wata, suna, abin da ya shigo ko ya fita, da sa hannu. Wanda ya biya a ba shi rasit nan take, ko da guntuwar takarda ce mai lamba. Abin da aka saya a liƙa rasit ɗinsa a bayan shafin. Idan mai baro ne ko lebura da ba shi da rasit, ya sa hannu ko ya dangwala a littafin, mutum biyu su shaida. Sannan duk ƙarshen mako a ɗauki hoton shafin a tura wa kowa, a manna kwafi inda ake wucewa. Kada ku jira a tambaya. Ranar da aka fara tambayar ina kuɗinmu, an riga an gama maganar a bayan idonku.

Sunayen waɗanda suka biya za a iya bayyanawa. Na waɗanda ba su biya ba, ban yarda a manna ba. A cikinsu akwai mai taurin kai, akwai kuma wanda ba shi da shi kuma ba zai iya faɗa ba, kuma daga waje ba ka bambance su. A je a same su a keɓe. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da ƙarfinsa, tsoho ko mara lafiya a yafe masa ba tare da sanarwa ba. Batun mai gida da ɗan haya kuma a yanke shi a taro tun farko. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne gyara mai ɗorewa, irin su murfi da siminti, na mai gida ne, yasa da kwashe shara na wanda yake zaune.

Akwai kuma mai hannu da shuni da zai ce a bar masa duka. Ku gode masa, ku karɓi kaso mai tsoka, amma kowa ya sa nasa komai ƙanƙantarsa. Kwatar da mutum ɗaya ya biya, kwatarsa ce, in ta sake toshewa shi za a jira. Haka ɗan takarar da zai turo shebur mai hotonsa. Rabin layin ba jam'iyyarsa suke yi ba, kuma a ranar za su zauna a gida. Idan zai taimaka, ya taimaka a rubuta a littafi kamar kowa.

Takardar hukuma

Ku fara gano ofishin da abin yake hannunsa. Kwatar cikin layi, babbar magudanar bakin titi, da kwashe shara, ba lallai hukuma ɗaya take kula da su ba, kuma takardar da ta sauka a teburin da ba nata ba tana iya shekara a can. Kansilan yankin ko wani ma'aikacin da yake zaune a unguwar zai faɗa muku cikin minti biyar.

Takardar shafi ɗaya ce, buƙata ɗaya. Ku faɗi sunan layi, yawan gidaje, inda aka toshe, da abin da ku za ku yi da kanku da ranar da za ku yi shi. Sannan ku nemi abin da ya fi ƙarfinku a fili: motar kwashe laka a ranar kaza, ko a buɗe kwalbatin babban titi kafin ranar. Jami'in da aka ce wa "a taimaka mana" ba shi da abin da zai sa wa hannu. Wanda aka ce wa mota ɗaya, rana ɗaya, yana da shi. Ku haɗa da zanen, da hotuna uku ko huɗu, da sa hannun mazauna.

Kada ku cika baki a kan cuta. Kowa yakan rubuta cewa kwata ce take kawo zazzaɓin cizon sauro, alhali sauron da ya fi hayayyafa a baƙin ruwan kwata wani iri ne daban, mai hana barci, shi kuwa mai maleriya ya fi son ɗan ruwa mai haske da ya kwanta a rana. Abin da za ku faɗa ba a musa muku shi ne kwatar da ta toshe tana tumbatsa ta bar kududdufai, kuma sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Ruwan ƙazanta da ya malala kusa da rijiya ko fasasshen bututun famfo kuma hanyar kwalara ce da taifot. Jami'in lafiya ya san wannan, kuma zai fi girmama takardar da ta san shi.

Ku buga kwafi biyu, mutum biyu ko uku su kai, ba taron jama'a ba. A ofishin karɓar wasiƙu ku miƙa ɗaya, ku ce a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗayar. Akawun zai iya cewa ku ajiye kawai za a duba. Ku yi murmushi, ku ce mutanen layi ne suka aiko ku kuma za su tambaye ku shaida, ku ci gaba da tsayuwa. Na ga akawun da ya rantse hatimi yana wurin wanda ya fita, da ya ga ba mu da niyyar tafiya sai ya jawo aljihun tebur ya ciro shi. Kafin ku fita ku tambayi teburin da takardar za ta je, da ranar da ya dace ku dawo. Ku dawo a ranar, da kwafin mai hatimi a hannu. Idan an yi shiru, takarda ta biyu ta ambaci kwanan watan ta farko, a aika kwafi ga na sama da shi. Gidan rediyo da Facebook suna da ranarsu, amma bayan takardu biyu masu hatimi. Wanda ya fara da tona asiri ya rufe ƙofar da zai buƙata gobe, kuma idan aka tambaye shi ko ya taɓa rubutowa ba shi da amsa.

Ranar aiki

Daga gangare ake farawa a hauro. Idan kuka fara daga sama, ruwan da kuka saki zai taru a kan toshewar ƙasa ya shiga gidan mutane, kuma mai gidan ba zai manta ba. Ku raba layin gunduwa-gunduwa, kowace da mutum ɗaya da zai ce an gama. A fara da sassafe a tashi kafin rana ta yi zafi. Gara a bar mutane da sauran ƙarfi da marmarin dawowa.

Safar hannu mai kauri da takalmin roba dole ne, domin cikin lakar akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi da allurai. Wanda ya yanke ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya je a duba shi saboda tetanus. Yara su tsaya a kawo ruwan sha da riƙe buhu, ban da shiga kwata. Abu ɗaya kuma ba a sassauci a kansa: kada kowa ya shiga rufaffen rami ko dogon kwalbati. Ƙazantar da ta daɗe a rufe tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar shaƙa nauyi don haka a ƙasa take kwanciya, kuma idan ta yi yawa hanci yakan daina jin warinta. Tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Wannan aikin masu kayan aiki ne, yana cikin abin da kuka rubuta wa hukuma.

Lakar da aka fitar ita ce inda aikin gayya ya fi lalacewa. An yashe, an tara a bakin kwata, an yi hoto, an watse, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Idan ba ku da tabbacin mota, ta hukuma ko ta haya, da wurin da aka yarda a zubar, ku ɗage ranar. Idan lakar ta yi ruwa da yawa, a zuba a buhuna ta tsane kwana ɗaya ko biyu, amma da ranar kwashewa a rubuce da sunan wanda zai tsaya a kai.

Mai simintin da ya rufe kwata, kada a je masa da guduma a ranar aiki. A same shi tun kafin nan, da maginin layin, a nuna masa yadda za a yanka a sa murfin da ake ɗagawa, motarsa ta ci gaba da shiga. Idan ya ƙi, a bar wa hukuma, aikinta ne. Maƙwabci ba ya rushe wa maƙwabci gini a zauna lafiya.

Bayan an gama

Cikin mako guda ku karanta lissafi a gaban kowa, har ragowar canji, a yanke abin da za a yi da ita. A wannan zaman ne za a yi maganar da ta fi yasar wuya, wato inda sharar layin za ta riƙa zuwa. Wanda ba shi da wurin zubarwa, kwata zai koma da dare, ko an yi doka ko ba a yi ba. Sai an samu mai kwashewa da ranakun zuwansa kafin doka ta yi ma'ana.

Dokar kuma mazauna su yi ta da bakinsu. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009, ta yi shekaru tana nazarin yadda jama'a suke kula da abin da suka mallaka tare, daga makiyayar ƙauyukan Suwizalan zuwa hanyoyin ban-ruwa na Sifen da Nepal. Ta ga cewa waɗanda suka daɗe ba su rushe ba suna da wasu halaye iri ɗaya: waɗanda doka za ta hau kansu suna da baki wajen yin ta, masu sa ido daga cikinsu suke ko kuma gare su suke ba da bahasi, hukunci yana farawa da sauƙi ya riƙa ƙaruwa, kuma akwai hanyar sasanta rigima mai arha a kusa. A layi, wannan yana nufin karon farko magana ce a keɓe, na biyu mutum biyu su je, na uku ya yashe gaban gidansa ko ya biya a yashe, sai na huɗu a kai ga jami'in tsafta. Tara mai nauyi tun karon farko ba wanda zai iya karɓarta daga maƙwabcinsa, kuma dokar da aka kasa aiwatarwa sau ɗaya ta mutu.

Kowace ƙofa ta ɗauki gabanta, mutum biyu su riƙa zagayawa sau ɗaya a wata, ana canza su. A sa ranar yasa ta gaba tun yanzu, makonni kaɗan kafin lokacin ruwa. Sai a buɗe shafin da aka rubuta fitilun titi da sauran koke-koken taron farko, a zaɓi ɗaya. Idan layin da ke bayanku ya zo tambaya, ku ba su aron shebur da kwafin takardarku, amma su fitar da nasu mai karɓar kuɗi da nasu littafi. Sa'ad da layuka uku ko huɗu suka gama nasu, babbar magudanar da dukanku kuke zubawa ita za ta rage, kuma a nan ne ƙungiya mai suna da rajista take da amfani, domin wannan aikin sai an sa shi a kasafin kuɗin hukuma. Ku tambayi watan da ake haɗa kasafin shekara mai zuwa, takardarku ta isa kafin lokacin, da hotunan aikin da kuka riga kuka yi a liƙe a bayanta.